Juma'ar Tungar Maiturare

Sakkwato, 12 ga Safar 1443

Zuwa ga Malama Hajara, ɗiyar marigayi Liman Nuruddeen, Tungar Maiturare.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida. Mu nan lafiya lau, sai dai ƙafar hagu da ke yi mini gardama in na daɗe a tsaye.

Ƙila ba ki san ni ba. Ni ne Almustapha ɗan Mu'azu na Shiyar Gangare, jikan Zulai ƙanwar kakanki Malam Maiturare. Ke nan ke taubashiyata ce, ko kin so ko kin ƙi. Ranar da aka ɗauke ni zuwa makarantar Sakkwato kina goye a bayan Innarki, kina ta kuka. Har yau ina gaya wa mutane rabuwa da ni kike yi wa kuka.

Shekara talatin da biyar na yi a ofishin safiyo ina auna garuruwan mutane. Yanzu na yi ritaya, jikokina kuma sun ɗauka a cikin ofis aka haife ni. Ina so in rubuta musu 'yan shafuka a kan garinmu. Na duba taswira, na iske ɗigo ɗaya ba suna. Na nemi in buga waya, aka ce an katse layi a Zamfara duka. Shi ya sa na ba direban Gummi wannan takarda, ya ba Ladi mai daddawa, wadda aka ce tana shiga wurinku.

Ki taimaka ki rubuto mini: mutum nawa ne a garin yanzu, shiyoyi nawa, yaya ƙorama, yaya dutse, kuma ko kukar nan ta gaban masallaci tana nan. An ce mini duk garin ba wanda ya kai ki kiyaye magana.

Wassalam. Ɗan'uwanki, Almustapha.

*

Tungar Maiturare, 9 ga Rabi'ul Awwal 1443

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Zuwa ga Yaya Almustapha.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta iso bayan kwana goma sha tara, da warin daddawa a jikinta. Allah ya ba ƙafa lafiya. Muna cikin godiya. An yanke gero, dawa na nuna, zazzaɓi ya yi sauƙi. Na san ka a bakin Inna. Wasan taubasantaka kuwa ka yi mini afuwa; na daɗe ban yi shi ba, bakina ya manta.

Ga abin da ka tambaya, gwargwadon sanina.

Garin yana inda ka bar shi, tsakanin dutse da ruwa. Dutsen yana gabas, amma an huda cikinsa wajen neman zinariya, ramukan sun cika da ruwan sama, ba a barin awaki su hau. Ƙorama tana yamma, tana gangarawa Gulbin Zamfara. Da damina ta kan raba mu da duniya kwana uku ko huɗu. Da rani sai a tona yashinta a sami ruwa. Hanyar Anka ta bi arewa. Ta Bukkuyum ta bi kudu cikin daji, kuma shekara biyu ke nan ciyawa ta rufe ta, don masu bindiga a can suke. Rugar Fulanin da ke bakin fadama ta tashi tun kafin mu san abin da ke tafe. Su ma an ci su. Kukar tana nan.

Shiyoyi huɗu ne a suna. Shiyar Maƙera ba kowa. Shiyar Gangare gida biyar. Sauran mutane suna Shiyar Malamai da Shiyar Kasuwa, ko da yake kasuwar ba ta ci. Maƙabarta ta zama biyu. Ta biyun an buɗe ta shekarar gubar dalma, lokacin da ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, yara suna rarrafe a cikin garinsa. Ɗiyata Ruqayya tana can, a layi na uku. Mahaifinta ya bi ta bayan shekara huɗu.

Inna ta kan hana a ƙirga mutane, ta ce ba awaki ba ne. Na yi istigfari, na zagaya da hantsi ina duba gidajen da hayaƙi ke tashi. Lokacin aurena sun haura ɗari da arba'in. Yanzu talatin da ɗaya ne. Mata hamsin da takwas. Yara tamanin da shida. Maza baligai goma sha ɗaya, ban da Liman Labbo. Sauran wasu suna ramukan zinariya na Bagega, wasu sun koma Anka da Gummi, wasu an shiga da su daji ba su dawo ba, wasu muka wanke muka kai.

Zauren mahaifinka yana tsaye, rufin ne ya faɗa. Mako bakwai ke nan ba a yi sallar Juma'a a garin nan ba.

Wassalam. Hajara.

*

Sakkwato, 27 ga Rabi'ul Awwal 1443

Malama Hajara, assalamu alaikum. Muna lafiya, ƙafa ta ɗan saki. Allah ya jiƙan Ruqayya da mahaifinta. Ban sani ba, kuma rashin sanin nan laifina ne.

Na karanta takardarki sau uku. Da a ofishinmu kike da tuni kin zama shugabata, ko da yake da ba wanda zai yi dariya har ki yi ritaya.

Layinki na ƙarshe ne ya hana ni sukuni. Na fahimci mutanen daji ne suka hana ku taruwa, kamar yadda muke ji ana yi a wasu wurare. In haka ne ku yi haƙuri, rai ya fi komai. In kuwa ginin ne ya lalace, ko Liman ne ba shi da lafiya, ki faɗa mini, akwai 'yan garinmu a nan da za mu haɗa hannu. Na tuna ranar Juma'a mutanen tungaye bakwai ke ɗaure jakuna a gindin kukar nan, har a rasa inuwa.

Almustapha.

*

Tungar Maiturare, 15 ga Rabi'us Sani 1443

Da sunan Allah. Zuwa ga Yaya Almustapha, tare da sallama da fatan alheri. Muna lafiya. An fara yankan dawa, a gonakin da ke kusa da gari kaɗai.

Ba mutanen daji suka hana ba. Masallaci lafiyarsa lau, Liman ma haka. Ni ce.

Ka bar gida da wuri, don haka bari in tuna maka abin da Baba ya karantar da mu. Juma'a ba ta inganta sai da maza goma sha biyu ban da liman, baligai, mazaunan garin, waɗanda suka yi niyyar zama a cikinsa ba ranar tashi. Baƙo yana samun ladar sallarsa, amma ba a cika adadi da shi. Mace ma haka. Mu hamsin da takwas ɗin nan, da za mu cika masallacin har waje, ba mu zama mutum ɗaya a wannan lissafi ba. Ban taɓa jin zafin wannan ba, kuma ba shi nake kawo maka ƙara ba.

Farkon damina sun kai goma sha biyu daidai. Har da tsoho Abdulrahman makaho, wanda ake jawowa da sanda. Na goma sha biyun shi ne Naziru, matashi mai gyaran babur. Matarsa Sa'adatu ɗalibata ce. Ita ta zo ta yi mini sallama, ta ce sun kama ɗaki a Anka, sun kwance rumbu, kuma Naziru ya rantse ba zai sake kwana da iyali a garin nan ba. Suka tafi. Amma kowace Juma'a sai ga shi a kan babur, ya shiga sahu kamar da, a yi huɗuba, a yi raka'a biyu, ya koma.

Juma'a uku ina jin huɗuba ta kan katangarmu ina cewa a raina, mutanen nan ba su da Juma'a, ba su kuma yi azahar ba. Na ga kamar duk nauyin sallarsu a wuyana yake, tunda ni kaɗai na sani.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar, dattawa suna zaune a gindin kuka, na je na tsaya a bayan zanan gidan ladan, na yi sallama. Na ce, "Allah gafarta Malam, ina da magana a kan adadin gobe."

Liman Labbo almajirin Baba ne, ya girme ni da shekara ashirin. Ya ce, "Ɗiyar Malam, maganar ba ta jira in shigo gida?"

Na ce, "Maganar jama'a ce." Na faɗi abin da Sa'adatu ta gaya mini, ban rage ba, ban ƙara ba.

Tsoho Abdulrahman ya ce, "Wa ke magana?" Aka ce Hajara ce. Ya ce, "To, ai ta yi karatu."

Washegari Naziru ya zo, Liman ya tambaye shi a gaban mutane, bai musa ba. Aka yi azahar raka'a huɗu. Tun da kakanmu ya kafa Juma'ar nan shekara saba'in da wani abu, ko shekarar yunwa ba a fasa ba. Naziru bai sake zuwa ba. Kafin wata ya ƙare gidaje huɗu na mata suka tashi, suna cewa garin da ba Juma'a zango ne. Masallacin Juma'a mafi kusa yana hayin ƙorama, tafiyar awa uku ta bakin daji. Ba mai zuwa.

Kullum ina tambayar kaina, tsoron Allah ne ya kai ni bayan zanan nan, ko so nake a san ɗiyar Liman Nuruddeen ta riƙe abin da maza suka saki? Na duba zuciyata na iske duka biyun, kuma ban iya raba su ba.

Mutum ɗaya muka rasa, Yaya. Ban ce ka zo ba. Na dai gaya maka adadin.

Hajara.

*

Sakkwato, 6 ga Jimada Ula 1443

Malama Hajara, assalamu alaikum. Lafiya lau muke. Na ji maganarki, kuma na ji wadda ba ki faɗa ba.

Abin da sauƙi. Ina da aboki a Anka. Zan riƙa sauka wurinsa ranar Alhamis, in shigo da safe, in cika muku sahu, in juya. Ko sau biyu a wata ne, ya fi babu. Ni ai ba baƙo ba ne. A bayan ɗakin Innata aka binne cibiyata, zauren ubana kuma ke da kanki kika ce yana tsaye.

Na kuma tambayi wani malami a nan, ya ce akwai manyan malaman da suka yarda da ƙasa da goma sha biyu. Ki sassauta wa kanki, taubashiya. Aljanna ba ta ƙofa ɗaya ba ce.

Almustapha.

*

Tungar Maiturare, 2 ga Jimada Sani 1443

Da sunan Allah. Yaya Almustapha, wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai tari da ya kama yara.

Na gode da niyyarka, amma ba ka fahimce ni ba. Abin da ka ce za ka yi shi ne abin da Naziru ya yi. Ba a tambayar inda aka binne cibiyar mutum. Inda ya yi niyyar zama ake tambaya. Kai mutumin Sakkwato ne shekara arba'in da takwas. Ka yafe mini in maganar ta yi kaifi.

Zancen malaman da suka sassauta na san shi, ban kuma raina su ba. Amma dattawan nan a gaban Baba suka yi karatu. Ba za su sauya hanya a ƙarshen rayuwa don an rasa mutum ba, ni kuwa ba ni da bakin da zan ce su sauya.

Tun da na aika maka waccan takarda nake nadama. Na sa maka nauyi a fakaice, na kuma ce ban sa ba, wannan ma wani irin rashin gaskiya ne. Makon jiya an tare mota a hanyar Anka, an shiga daji da mutum tara. Kai mai iyali ne, ga ƙafa. In na jawo ka don in gyara abin da na ɓata, wani abu ya same ka, me zan ce wa 'ya'yanka, me zan ce wa Ubangijina? Kada ka zo. Ka rubuta wa jikokinka cewa an yi wani gari mai Juma'a.

Hajara.

*

Sakkwato, 10 ga Sha'aban 1443

Malama Hajara, assalamu alaikum. Na iso gida lafiya tun ranar Lahadi. An ce waya ta dawo a wasu wurare, amma ko da tana kaiwa wurinku ba zan iya faɗar wannan da baki ba.

Kin hana ni zuwa, na yi wata biyu ban amsa ba, sannan kika gan ni ranar Alhamis ba sanarwa. Kin ji abin da na ce wa Liman a gindin kuka: na dawo gida da zama. Kin ga abin da ya biyo baya. Ladan ya share mumbari da hannun rigarsa. Mata suka yi ta aiko mini da tuwo har kwano tara. Da Liman ya fara huɗuba muryarsa ta ƙi fita, sai da ya tsaya ya sake. Tsoho Abdulrahman yana gefena, ya riƙe mini hannu tun daga zama har aka tayar da salla, kamar mai tsoron kada in gudu. Da na zo gaishe ki kika ce mini ta bayan labule, "Sannu da dawowa, taubashi." Na san ba da sauƙi kalmar nan ta fito daga bakinki ba.

Ranar Asabar na ce zan je in kwaso kaya. Ba zan dawo ba, Hajara. Kuma ba a hanya na sauya ra'ayi ba. Tun kafin in taso na yi wa 'ya'yana alkawarin kwana biyu kawai zan yi. Na so su ji huɗuba ko sau ɗaya ne, na so ki daina ɗora wa kanki. Na yi ƙarya a ƙofar masallacin kakanki, na kuma sa mutane goma sha biyu suka bar azahar.

Ke kaɗai na gaya wa. Na san irin kayan da na aza miki, tunda kin taɓa ɗaukar irinsa. Ki yi abin da kika ga ya dace. Ki roƙa mini gafara in za ki iya.

Almustapha.

*

Tungar Maiturare, 28 ga Sha'aban 1443

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Zuwa ga Yaya Almustapha. Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na yi murna da ka isa lafiya. Muna nan, ƙorama ta ƙafe, ana shirin azumi. Allah ya gafarta mana da kai.

Kwana tara takardarka tana cikin gafakata. Na ce in na yi shiru, akwai salla a kan mutane ba su sani ba. In na yi magana, na ƙwace musu Juma'a ɗaya tak da suka samu, wadda har yanzu mata ke zancenta a bakin rijiya. A kwana na goma na tafi. Amma wannan karon ban je gindin kuka ba. Na shiga gidan Liman da hantsi, matarsa ta yi mini iso, na iske shi yana tufkar igiya.

Na ce, "Allah gafarta Malam, Juma'ar nan da aka yi."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ta Almustapha?"

Na ce ita.

Ya ce, "Na ga jakar da ya sauko da ita. Ba ta ɗaukar riga uku. Ya kwana biyu bai tambayi inda gonar ubansa take ba. Wa ke dawowa gida haka?"

Na ce, "To, Malam, ka hau mumbari?"

Ya ce, "Mutum ya ce ya dawo. An umarce ni in tsaga ƙirjinsa? Na hau. Da na shigo gida na rufe ƙofa na yi raka'a huɗu." Ya ja igiyar ya ɗaure bakinta. "Bayan la'asar Abdulrahman ya jawo ni gefe, ya ce, Malam, in mutum ya ƙara azahar bayan Juma'a don kokwanto, da laifi? Na ce babu. Kafin magariba mutum bakwai suka yi mini tambayar nan, kowa yana waige kada ɗan'uwansa ya ji. Makaho ma ya gane, ɗiyar Malam. Ba wanda ake bi bashin salla a garin nan."

Can na tambaye shi abin da ban yi niyyar tambaya ba. Na ce, "Na Naziru fa?"

Ya ce, "A gabana aka kwance rumbunsa. Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba. Muna tafiya a haka, ina cewa ƙila kaka ta dawo da shi. Yaron da ke ratsa hanyar nan kowane mako don ya tsaya a sahun ubansa bai gama tashi ba."

Na ce, "Me ya hana ka tsawata mini ranar?"

Ya ce, "A kan me? Gaskiya kika faɗa. Na dai tambaye ki ko maganar za ta jira in shigo gida."

Ban san ko Liman ya yi daidai ba. A da zan rantse Baba ba zai yi haka ba. Yanzu ina tunanin sau nawa ya yi, ina cikin gida ina haddace sharuɗɗa. Abin da na sani shi ne, na ɗauka ni kaɗai ke gani a garin nan, alhali kowa ya gani, ni kaɗai ce ban iya riƙewa ba.

Ban gaya wa kowa abin da ka rubuto ba, ba kuma wanda ya tambayi yaushe za ka kawo kaya. Tsoho Abdulrahman ya ce in gaishe ka.

Ran nan na ba Ladi saƙo zuwa ga Sa'adatu a Anka. Na ce ta gaya wa mijinta ina neman afuwarsa, kuma in ya ga hanya da kyau wata Juma'a ya zo, ba mai ƙara yi masa magana daga bayan zana. Jiya Ladi ta dawo. Ta ce ya ce ya yafe, ya gode, amma ya saba da masallacin Anka.

Gobe Juma'a. Za su yi raka'a huɗu.

Wassalam. Ƙanwarka, Hajara.